Mai shigowa ta taga, ko aljani ne, ba masoyi ba ne

 Yau maganar littafi za mu yi, kuma mun san akwai waɗanda za su ji haushi, musamman ƙannenmu mata masu kwana da abin sauraro a kunne. Ku daure ku ji mu har ƙarshe, in ya so ku rama.

Akwai wani irin labarin soyayya da ya cika wayoyi a ƴan shekarun nan: yarinya ƴar Adam, saurayi kuma ba mutum ba. Wani lokaci ɗan sarkin aljanu ne, wani lokaci gawa ce mai rai mai shan jini, wadda Turawa ke kira vampir, wani lokaci mutum ne mai rikiɗa ya koma kyarkeci. Ƴan lise na karanta su da Faransanci a Wattpad. Wasu na karanta na Hausa a WhatsApp. Waɗanda karatunsu bai yi nisa ba kuma sauraro suke a YouTube, ko su kai waya kasuwa a ɗura musu.

Aljanun ba su dame mu ba. Da Dodo da Gizo aka raine mu, kuma babu wanda ya lalace don ya ji tatsuniya. Abu biyu ne ke ba mu takaici. Na farko, labarin ba ya tafiya. Na biyu, yarinyar da aka ce ita ce tauraruwa an mai da ita kaya, a ɗauka a ajiye. Kuma in kun duba da kyau, cutar guda ce. Duk marubucin da ya ƙwace wa yarinya ikon zaɓi, to ya kashe labarinsa da hannunsa.

Mu fara da littafin da ya buɗe wa wannan kasuwa ƙofa a duniya. A 2005 wata Ba'amurkiya, Stephenie Meyer, ta fitar da Twilight, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Fascination. Uku suka biyo baya: Tentation, Hésitation da Révélation. An sayar da fiye da kwafi miliyan 100, an yi fina-finai biyar tsakanin 2008 da 2012, kuma da yawa cikinmu sun gan su. Yarinyar, Bella, shekarunta 17. Saurayin, Edward, a ido ɗan 17 ne, amma an haife shi a 1901, ya koma mai shan jini a 1918. Wato tsoho ne mai shekara fiye da 100 zaune a aji ɗaya da ƴan lakwal.

To mi yake yi mata? Yana shiga ɗakinta da dare ta taga, ba da saninta ba, ya tsaya yana kallonta tana barci. Da ta gano, abin da ya fi damunta shi ne ko ya ji abin da take faɗi cikin barci. Yana bin ta a ɓoye in ta je wani gari. A littafi na uku ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wurin abokinta Jacob, sannan ya sa ƴar'uwarsa ta tsare ta, ya biya ta da mota. Shi kuma Jacob ɗin, wanda ake nuna mana a matsayin mai sanyin hali, ya sumbace ta da ƙarfi, ta kai masa naushi ta karya hannunta, ubanta kuma, wanda shi ne shugaban ƴan sandan garin, ya yaba wa yaron. A littafi na huɗu ta tashi washegarin daren amarci jikinta duk tabon rauni, kuma ita ce ke rarrashin angon.

Jama'a, ku cire wa wanga saurayi ƙyallin jiki da saurin gudu, ku sa masa riga da hula, ku ajiye shi a unguwar Zariya ta Maraɗi ko a Birni cikin Damagaram. Mutumin da ke haura katanga ya shiga ɗakin ƴarku tana barci, ya lalata mata moto don kada ta fita, mi za ku kira shi? Wallahi kafin gari ya waye yana komisariya, in ma ƴan unguwa sun bar shi da ƙafafunsa. Addininmu ma ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, yana nan cikin Suratun Nur. Amma da an ce ai ba mutum ba ne, sai hankali ya kwanta, a ce so ne ya yi masa yawa. Aikin sihiri ke nan a cikin waɗannan littattafai: wanke mai laifi. Ya shaƙe ta? Ai ƙishirwar jini ce. Ya kulle ta? Ai maƙiyansa yake kare ta daga gare su. Ya mare ta? Ai ranar ce wata ya cika, ba shi da iko da kansa. A cikin Twilight ɗin ma akwai wata, Emily, wadda saurayinta ya yage mata fuska lokacin da ya fusata ya rikiɗa, kuma ana nuna mana su a matsayin masoya abin sha'awa.

Yanzu mu zo kan labarin kansa. Duk wanda ya taɓa zama gaban kaka da dare ya san yadda labari ke tafiya: wani yana son abu, wani abu ya tare masa hanya, sai ya yi dabara ko ya yi kuskure, abin da ya aikata ya haifi na gaba. Gizo na son nama, ya yi ƙarya, ƙaryar ta ja masa duka. Ku ɗauki wanga ma'auni ku auna Bella. Mi take so a duniya ban da Edward? A littafi na biyu ya tafi ya bar ta, sai marubuciyar ta jera shafuka huɗu babu komai a kansu sai sunan wata: Oktoba, Nuwamba, Disamba, Janairu. Wata huɗu na rayuwar yarinya, ba abin da ya cancanci a rubuta, don namiji ba ya nan. Da ta farfaɗo kuma, sai ta shiga jefa kanta cikin haɗari, hawan babur, faɗawa teku daga kan dutse, don kawai a lokacin ne take jin muryarsa a kunnenta. Wasu na cewa shafukan nan gwaninta ne. Mu a wurinmu shaida ce marubuciyar ta bayar a kan kanta, cewa ba ta zuba komai cikin yarinyar ba.

Da yake yarinyar ba ta da abin da take so, dole a nemo abin da zai haɗa ta da saurayin ba tare da ta zaɓa ba. Nan ne ƙaddarar ƙarya ke shigowa. A littattafan kyarkeci ana cewa kowane namiji yana da macen da aka halitta dominsa, da ya shaƙi ƙamshinta shi ke nan, ta zama tasa, ko tana so ko ba ta so. A Twilight abin ya kai Jacob ya ɗora ido kan jaririyar da Bella ta haifa, a ranar da aka haife ta, aka ce ai ita ce rabonsa. Jaririya fa! A namu na Hausa kuma ku da kanku kun san salon: tun tana ciki kakanta ya yi wa sarkin aljanu alkawarinta, ko an haife ta da wani tambari a kafaɗa, ko ta zuba ruwan zafi a bakin kwata da magariba sai yarima ya gan ta. Daga nan ba sauran tambaya. Marubuci ya huta da wahalar nuna mana dalilin da zai sa mace mai hankali ta so wannan mutum. Ba hira, ba sanin hali, ba gwaji. An rubuta, an gama.

Ko kalmar alfa da ake ta yayatawa, wai namijin da ke danne kowa a garke, tushenta rubabbe ne. Ta samo asali daga binciken da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketan da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, dabbobin da ba dangin juna ba, an kulle su wuri guda. Wani masani Ba'amurke, David Mech, ya yaɗa ta a littafinsa na 1970. Shi da kansa a 1999, bayan ya daɗe yana lura da su a daji, ya bayyana cewa garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da ƴaƴansu, har ya nemi a daina buga tsohon littafin. Masu ilimin sun bar maganar tuni, masu rubuta soyayya kuwa har yau da ita suke cin abinci. Halin dabbar da ke cikin keji aka ɗauko aka ce wa ƴan mata shi ne cikar namiji.

Akwai kuma dalilin kasuwa, kuma ya kamata masu biya su san shi. Yawancin manhajojin nan babi-babi suke sayarwa: na farko kyauta, in labari ya kama ki sai a rufe, ki sayi tsabar buɗewa. Na WhatsApp ma haka, shafukan farko kyauta, saura sai an tura kati, ko dala ɗari ce ko jika guda. Mai karantawa a YouTube shi ma yawan sa'o'i ne ribarsa. To wanda ake biya da tsawo ba zai so labari ya ƙare ba. Yarinya mai wayo da za ta warware matsalarta a babi na goma asara ce gare shi. Wadda za ta suma ita ce jari. Shi ya sa za ku ji ta suma a babi na 12, ta farka a asibiti, an sace ta a na 30, ya ceto ta, ta manta kowa a na 55, ta tuna a na 70, a sake sace ta. Ku ƙirga sau nawa tauraruwar littafin da kuke saurare yanzu ta suma, ku ƙirga sau nawa ta yanke shawara da kanta aka bi. Ku zo ku gaya mana sakamako.

Wurin da ya kamata a cika da hali, sai a cika shi da siffa. Shafi uku ana kwatanta ta: fara tas, dogon hanci, gashi har gadon baya, murya kamar sarewa, ba ta ɗaga ido, ba ta musu. Ba a gaya mana ko ta iya lissafi, ko tana da sana'a, ko akwai abin da ke ba ta dariya. Sauran matan labarin kuwa duk maƙiya ne: ƙawa maciya amana, uwar miji mai bin bokaye, kishiya mai baƙar fata da baƙar zuciya, aljana mai kishi. Mace biyu ba za su zauna su yi maganar da ba ta namiji ba. Sannan mu dawo muna mamakin yadda man bilicin ke ƙarewa a kanti. Haba!

Za a ce mana, kuma an sha faɗa, ai nishaɗi ne kawai, kowa ya san ƙarya ce. Gaskiya ne ba wadda za ta je makabarta neman mai shan jini. Amma abin da ke zama a zuciya ba haƙoran ba ne, darasin ne: kishi mai tsanani alamar so ce, wanda ya hana ki fita yana ƙaunarki, in kin yi haƙuri da mugu zai narke ya koma mala'ika. Wannan darasi a Amurka ma ya jawo muhawara, har marubuciyar ta fitar da wani littafi a 2015, Life and Death, inda ta juya labarin, namiji ya zama mai rauni, don ta amsa masu sukar. Kuma kar a manta, Fifty Shades of Grey na 2011, wanda ya fito da mallakar mace fili, daga kwaikwayon Twilight ya faro.

To bare a nan. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15, kuma ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Dokar farar hula ta ƙasarmu ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji. A irin wannan wuri, labarin ƴar shekara 16 da aka ba wa mai shekara ɗari tun kafin a haife ta, ta yi kuka, ta haƙura, daga baya ta gane ashe gata aka yi mata, bai yi nisa da gida ba. Abin da ke faruwa a bayan katangarmu ne aka shafa wa turare. Alhali a Sahihul Buhari an ruwaito cewa Khansa'u bint Khidam ta kai ƙara don ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Littafin da ke cewa yardar yarinya ba ta da amfani tunda an riga an rubuta, ya saɓa wa wannan, ko da kowane babi da bismillah ya fara.

Wani abu kuma. Mu a nan maganar aljani ba wasa ba ce. Kowa ya san yadda ƴan mata ke faɗuwa a kwaleji, abin da aka sa wa suna génie tchatcheur. Kowa ya san yarinyar da ta daɗe ba ta yi aure ba, ko aurenta ke mutuwa, aka ce namijin dare ne ya aure ta. Ba mu musun samuwar aljanu, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani. Amma cikin waɗanda ake cewa an aura akwai mai farfaɗiya da ke buƙatar likita, akwai mai ciwon damuwa, akwai wadda wani ɗan Adam mai suna da adireshi ya ɓata kuma tsoro ya hana ta faɗi. Marubucin da ya ɗauki wannan azaba ya mai da ita gadon zinari da yarima mai koren ido, da hawayen mutane yake ciniki.

Za a kuma ce ai mata ne ke rubutawa, mata ke karantawa, ina ruwanku? Mun ji. Kuma mun fahimci abin da ke jan yarinyar da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa, ba wanda ya ce mata sannu, zuwa ga labarin da wani mai mulkin duniya biyu ya zaɓe ta ita kaɗai. Ƙishirwar gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma don mai ƙishirwa ya sha ruwan kududdufi ba shi ke nuna ruwan na da kyau ba. Kuma kasancewar mai tuwo mace ce ba ya hana a ce tuwon bai nuna ba. Raini ma shi ne a ƙi sukar aikin mace, kamar ba za ta iya fin haka ba.

Ta iya kuwa, don an yi. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Rabi, mai ƴaƴa tara, miji ya kore ta saboda sabuwar amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe ƴaƴanta. Ba sihiri, ba yarima, amma ba ka iya ajiye littafin, don kowane shafi akwai abin da Rabi za ta yanke. In kuma sihirin kuke so, ga namu na gida. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, an san ta da asiri da tsafi. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ikon ɓoye a hannun macen yake, ita ke ba da umarni, kuma labarin bai rasa mai sauraro ba. Ko Dare Dubu da Ɗaya, mai cike da aljanu, wa ke riƙe da shi? Shaharzad, wadda ta shiga gidan sarki mai kashe amare da ƙafarta da shirinta, ta ceci kanta da matan gari da kaifin harshe.

Kai, ko tatsuniyar kakanninmu ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta bi kyakkyawan baƙo, a hanya ya rinƙa mayar da kayan aro har ya koma dodo, ta fi waɗannan littattafai hankali. Tana da nata laifin, don yarinyar take ɗora wa alhaki. Amma ta san dodo dodo ne, kuma ƙarshenta gudu ne a tsira, sau da yawa da dabarar ƙaramin ƙane ko ƙanwa. Na zamani sun juya ta: yanzu dodon ne ladan.

Ba ƙonawa muke kira a yi ba. A Kano a 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a bainar jama'a, yau ga su sun ninka a waya, inda ashana ba ta kai. Hani ba ya gyara alƙalami. Abin da ke gyara shi mai karatu ne da ya daina biyan kuɗin abin banza.

Marubuta, ƴan'uwa, ku bar aljaninku, ku bar fadarsa ta ƙarƙashin ruwa, muna so. Amma kafin ku rubuta babi na farko ku amsa tambaya uku. Mi yarinyar nan take so wanda ba namiji ba? In ta ce a'a, labarin zai saurare ta? In an cire saurayin, akwai abin da ya rage a rubuta, ko sunayen watanni za ku jera mana? Kuma in gwarzonku ya yi mugunta, ku bar labarin ya kira ta mugunta, ya biya farashinta.

Mu masu makirfo, na gidajen rediyo da na YouTube, muryarmu ke kai waɗannan labarai kunnen wadda ba ta iya karatu ba. Mu zaɓi abin da za mu karanta, kuma in an gama babi a buɗe layi a tambayi masu saurare ko abin da yarima ya yi daidai ne. Iyaye da mushe-mushe na lakwal, ƙwace waya ba ya kai ko'ina. Ku zauna ku ce ta ba ku labarin, ku tambaye ta: da ƙanwarki ce aka yi wa haka fa? Samarin fada kuma, kar ku yi dariya kuna shan shayi kuna cewa matsalar mata ce. Wanda ke binciken wayar budurwarsa yana ce mata so ne, shi ma daga wannan littafin yake karatu, ko bai taɓa buɗe shi ba.

Ƙannenmu, kuɗinku ne, lokacinku ne, kunnenku ne. In kun kai babi na ashirin tauraruwa ba ta yi komai ba sai kuka da suma, ku rufe, ku gaya wa marubuciyar dalili cikin ladabi. Wadda kuma ta san littafin aljanu na Hausa da yarinyar cikinsa ke tsaye da ƙafafunta, ta turo mana sunansa, za mu karanta, in ya cancanta mu yabe shi a nan da bakinmu. Allah shi kare mana ƴaƴanmu, shi ba mu lahiya da zama lahiya. Sai mun ji daga gare ku.